Rumfar jiragenmu ta bakin gulbi ta wuce shekara 50, yanzu an sa mata jan fenti, mi doka tac ce?

Basarken_Rima:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana doka da waɗanda sunka san aikin filaye ku taimaka min da haske. Muna da rumfa bakin gulbin Rima can gefen Kwalkwalawa, kakanmu yak kafa ta tun mulkin Gowon, kenan ta girmi jami'ar Danfodiyo da anka kafa 1975. Ba wani gini na a zo a gani ba, azarar giginya ce da kwano sai zana ta gefe guda. Nan mu ka jawo jirage mu kife su in ruwa ya janye, nan a ka like su da kwalta, nan taru da homa da filafilai ka kwana, yanzu kuma har da inji guda da mu ka fito da shi ranar da mutane sunka yi yawa.

Ambaliyar 2010 wadda tac cinye hanyar jami'a ta tafi da rabin rumfar, Baba ya maida ta yadda take. Bana kuma iska ya karya azara biyu kwano ya zube gefe guda, sai ni da yayana munka ce tunda dai za a taɓa ta gara a yi ta gaba ɗaya, a sa bulo da ƙofar ƙarfe saboda ɓarayin inji, a ƙara ɗan ɗaki ta gaba ƙanenmu ya riƙa sai da fetur da lemu da cajin waya ga masu jiran fito. Mun tona fandisho mun sauke bulo, sai ga wasu ma'aikata da mota, ba ni faɗin ofishinsu nan, sunka shafa jan fenti ga bulon har da ginshiƙin tsohuwar rumfar, wai a dakata wurin ba a gini. Ko takarda ba su ba mu ba, da baki kawai.

To abin da nika son sani, wurin da mutum yag gada kuma ana aiki da shi tun kafin a haifi wanda yas shafa fentin, doka ba ta san da wanga ba? Ba mu da satifiket, amma kowa ya san namu na, hakimi ya sani, Sarkin Ruwa ya sani. Suna iya rushe tsohuwar ma ko sabon kawai sunka hana?

Yaron_Kanwuri:

Kai ɗan'uwa ci gaba da gininka. Shekara hamsin fa! Ko a shari'a in mutum ya yi shekara goma yana riƙe da wuri ba wanda yat tanka ai ya zama nashi, hauzi kenan. Jan fenti ai ko bangon gidanmu akwai shi tun bara kuma ga mu nan ciki muna shan fura.

Almajirin_Zaure:

Wa alaikumus salam. Yaron_Kanwuri a yi hattara da maganar hauzi. Gaskiya ne a Malikiyya wanda ya riƙe ƙasa shekara goma yana gini yana rushewa, mai da'awa kuma yana gari yana gani, ba dangi ba ne, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to ba a sauraren da'awarsa daga baya. Amma wannan tsakanin mutum da mutum ne. Abin da jama'a suka yi tarayya a kai kamar hanya da mashaya da harimin kogi, daɗewa ba ta mallaka wa kowa shi. Da wani maƙwabci ne ya taso ya ce wurin na kakansa ne, sai mu ce hauzi ya tare shi. Nan kuwa hukuma ce, kuma ba ta ce wurin na wani ba ne, cewa ta yi kar a yi gini.

Barista_Mai_Shayi:

Basarke sannu da wannan jarabawa. Malam ya riga ya taɓo inda gizo ke saƙar, haƙƙin zama a kan ƙasa daban, izinin gini a kanta daban, kai kuma ka haɗa su wuri ɗaya shi ya sa abin ya yi maka ciwo.

Ta fuskar ƙasar tukuna, matsayinku bai yi rauni kamar yadda rashin satifiket zai sa ka zata ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta fara aiki ranar 29 ga Maris 1978 lokacin Obasanjo na soja, ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, amma ba ta kori waɗanda ta tarar ba. Wanda yake riƙe da wurin da ya raya kafin wannan rana, in wurin yana cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, sashe na 34 ya ɗauke shi tamkar gwamna ya ba shi haƙƙin zama, in kuma wajen birni ne sashe na 36 ya ɗauke shi tamkar ƙaramar hukuma ta ba shi. Kuma raya wuri a wannan dokar ba sai bene ba, duk wani gini ko abin da aka kafa da ya ƙara wa wurin daraja yana shiga, don haka azara da kwanon kakanku abin kafa hujja ne in kun iya nuna cewa suna nan kafin 1978. Wannan "in kun iya nunawa" shi ne aikin, zan dawo kansa.

To amma ko mai satifiket a aljihu gwamna yana iya karɓe wurinsa don amfanin jama'a a ƙarƙashin sashe na 28, sai dai dole a rubuce, da sa hannun jami'in da aka ba izini, a kuma miƙa wa mai wurin. Fenti a jikin azara ba ya soke haƙƙin kowa. In an karɓe, sashe na 29 ya ce a biya diyyar abin da ke kan ƙasar, gini da amfanin gona da makamantansu, ba kuɗin ƙasar kanta ba, kuma a gini ana cire tsufan da ya yi.

Yanzu ga inda ba za ka ji daɗina ba. Abin da daɗewa take kare muku shi ne abin da ya daɗe ɗin, wato rumfar jirage mai wannan faɗin da wannan aikin. Ranar da kuka tona fandisho kuka ƙara ɗaki kuka ce za a sai da fetur, kun fita daga gyaran tsohon abu kun shiga sabon gini da sabuwar sana'a, shi kuma wannan ba shi da shekara hamsin, jiya aka haife shi. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, wadda aka fi sani da doka mai lamba 88, ta lissafa gini da sauya amfanin wuri ta hanyar da za ta shafi muhalli, har da rushe gini ma, cikin abubuwan da sai da izini. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar Legas da gwamnatin tarayya, ta ce tsara birane hurumin jihohi ne, saboda haka dokar jiharmu da hukumar tsara birane ta jiha su ne abin dubawa a nan, amma ginshiƙin maganar ɗaya ne ko'ina, ba ka gini sai an amince da zanenka. Kuma kar wani ya ce maka tsohon gini ba a taɓa shi kwata-kwata, ita waccan ta 1992 ta yarda a ba da takardar tilasta gyara ko da ginin da ba shi da izini ya riga dokar zuwa.

Shawarata a yanzu, kar ku ɗora ko bulo ɗaya, kuma don girman Allah kar ku rushe tsohuwar da hannunku da sunan za ku sake ta, ita ce shaidarku mafi ƙarfi.

Tsohon_Safiyo:

Ɗana, ni na yi aikin awon ƙasa har na yi ritaya, kuma na sha taka fadamar nan da ƙafa tun ba a yi kwalta ba wasu wuraren. Barista ya yi maka bayanin jiha, amma bakin ruwa yana da wani mai iko kuma. Akwai hukumar hanyoyin ruwa ta tarayya, NIWA, da anka kafa 1997, hedikwatarta Lakwaja. Dokarta ta jera koguna da ta ce na tarayya ne kuma kogin Sokoto yana ciki da sunanshi. Ta ba hukumar iko kan gaɓa biyu na irin waɗannan koguna har iyakar inda babbar ambaliya irin ta sau ɗaya a shekara 100 za ta iya kaiwa, in kuma gaɓar mai tsawo ce ruwa ba ya tsallake ta, to mita 100 daga bakin ruwa. Gini a cikin wannan zirin sai da yardarsu. A Janairun 2024 ma Kotun Ƙoli ta ƙara tabbatar wa tarayya ikonta kan hanyoyin ruwa a rigimarsu da Legas. Ku kuna kan Rima dab da inda ta haɗu da kogin Sokoto, to wanda zai rubuta muku takarda ya fara tantance ko gaɓarku ta faɗa cikin wancan jerin, kada ku gama da ofishi guda wani ya ɓullo.

Amma bari in aje doka in yi maka maganar ruwa, don ita ta fi damuna. Ka taɓa tambayar kanka mi yas sa kakanka bai yi bango ba? Ba rashin laka ba ne, mutanen da sunka gina gidajensu da hannu ai ba rumfa za ta gagare su ba. Ya san wurin na ruwa ne, aro yaka yi da rani. Rumfa mai ƙafafu in ruwa ya zo sai ya bi ta ƙarƙashi ya wuce, ya ɗauki zana ya bar maka azara. Bangon bulo kuwa tare ruwa yaka yi, ruwan ya yi ta kewaya yana ƙwaƙule yashin gindin fandisho, wata safiya ka tarar bango ya kwanta bisa jirgi da injin da kac ce kana ɓoyo. Je ka duba azarar da ta tsira daga 2010, in ba a canza ta ba za ka ga zoben da ruwa ya bari, wani duhu-duhu da busasshen taɓo cikin tsagar itacen, ka tsaya kusa da shi ka ga ina yak kai maka, ƙugu ko ƙirji ko ya shanye kanka. Madatsar Goronyo da ke sama da ku an gina ta ta ɗauki ruwa mita kubik miliyan 942, ga Bakolori can Zamfara kan kogin Sokoto, in damina ta yi ƙarfi dole a saki ruwa, kuma na Goronyo ta ƙofarku zai bi.

Sannan gulbi ba ya zama wuri guda. Na sha zuwa neman turakun awo da anka kafa shekarun baya in tarar suna tsakiyar ruwa, wani wurin kuma gulbin ya ja baya ya bar sabon tudu mutane har sun shuka albasa. Wanga yana da muhimmanci gare ku, don in an buɗe tsohuwar taswira ana iya cewa inda rumfarku take yanzu da can cikin ruwa ne, ko akasin haka.

Fetur kuwa a bakin ruwa inda mata da yara ka cunkushe suna jiran jirgi, ni ko ni ad da hatimi ba ni sa hannu.

Hajiya_Mai_Banda:

Baba Safiyo Allah ya ƙara girma, ka faɗi abin da ke raina. Mu da muke sayen kifi a irin wuraren nan mun san yadda abin yake farawa, yau ɗaki ɗaya gobe wani ya ga an yi shi ma ya yi, kafin ka ankara hanyar gangarawa ruwa ta zama lungu sai ka karkata da kwando a ka. Ga masu banda da wutarsu a gefe, ga jarkokin fetur, haba. Ƙanena a gyara rumfar kakanni Allah ya sa albarka, amma shagon a kai shi bakin titi, can ma ya fi ciniki.

Sakkwatawa_a_Sidni:

Ina karatu a Ostareliya kuma wannan rigima taku ta ba ni dariya don irinta ce sak ake yi a nan, sai dai nasu masu rumfunan attajirai ne. Bakin ruwan Sidni cike yake da tsofaffin ɗakunan ajiye kwale-kwale na katako, wasu sun girmi dokokin tsara gari na yanzu, kuma a wurare da yawa yau ba za a ba ka izinin kafa sabo ba. A jihar New South Wales dokarsu ta tsare-tsare ta 1979 ta rubuta abin ɓaro-ɓaro, in kana amfani da wuri ta halal kafin sabuwar ƙa'ida ta zo ta hana irin wannan amfanin, kana da damar ci gaba. Amma ba ka faɗaɗawa, ba ka ƙara ƙarfin aikin, ba ka sake ginawa sai ka nemi izini, kuma in ka bar amfani da wurin wata 12 a jere ana ɗauka ka yi watsi da haƙƙin sai in ka kawo hujjar akasin haka. Kuma wanda ya ce yana da haƙƙin shi zai kawo shaida, shi ya sa za ka ga mutum yana tono tsofaffin hotunan jirgin sama da takardun kansila na zamanin kakansa. Wani faɗan nasu a kan mutum ya mai da ɗakin jirgi wurin kwana ne, ya sa kicin da banɗaki a ɓoye, maƙwabci ya kai ƙara. Sannan abin da ya gangara ƙasa da iyakar cikar teku galibi ƙasar gwamnati ce, haya ko lasisi ake ba ka.

Ba ina cewa dokarsu tana aiki a ƙaramar hukumarku ta Wamakko ba, ko kusa. Abin da na lura kawai shi ne ko a inda aka rubuta haƙƙin tsohon amfani a fili, bai taɓa rufe ƙarin ɗaki da sabuwar sana'a ba, balle mu da za mu dogara da sashe na 34 ko 36 da kuma fahimtar jami'i.

Yaron_Kanwuri:

Ku dai kuna da tsoro wallahi. A samu magina huɗu a yi shi daren Juma'a, kafin Litinin an rufa kwano, wa zai zo ya rushe abin da an gama?

Barista_Mai_Shayi:

Yaron_Kanwuri, katafila ba ta tambayar ranar da aka rufa kwano. Kuma abin da ya fi muni, yanzu in an zo karɓar wurin suna da bakin neman diyyar tsohuwar rumfa, in suka yi gini bayan an ce su dakata sun ba da hujja a kansu da hannunsu, sabon ya tafi a banza kuma ya ja wa tsohon.

Basarke ga batun shaida da na ce zan dawo kansa. Kowa ya sani ba ya shiga fayil. A samu takarda daga hakimi zuwa uban ƙasa da ke cewa gidanku ke riƙe da wurin tun kafin 1978 kuma aikin jirage ake yi a ciki, Sarkin Ruwa ya sa hannu, a samu dattawa biyu ko uku da suka ga kafa ta su yi rantsuwa a kotu a rubuce tun suna raye, wannan kar a yi masa jinkiri. Duk wani rasit na ƙaramar hukuma ko na ƙungiyar masunta ko ta masu fito da ke da sunan Baba ko kakanku a tattaro. Tambaya ɗaya kuma, bayan ambaliyar 2010 an daɗe kafin a maida ta? Kuma da aka maida ta an ƙara mata faɗi?

Basarken_Rima:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka. Baba Safiyo na je na duba azarar, zoben yana nan, ya wuce kafaɗata. Yayana ya yi shiru da yag gani.

Barista, ba a daɗe ba, ruwa na janyewa Baba ya maida ta don lokacin ma aikin fito ya fi kowane lokaci yawa tunda hanya ta yanke, ɗalibai da ma'aikata duk jirgi su ka shiga. Faɗinta bai canza ba, ramukan azarar na da su anka sake amfani da su. Rasit kuma akwai wasu cikin gwangwanin Baba, na ƙungiya da na haraji, wasu sun ci ruwa amma ana ganin suna da shekara. Maganar shago mun aje ta, ƙanen namu dai ransa bai so ba. Abin da yar rage, gefen da kwano ya zube har yanzu a buɗe yake kuma jirgi guda na ƙasa muna tsakiyar like shi, in na sa azara biyu na maida kwanon kamar da, shi ma laifi na? Tunda ginshiƙin ma sun shafa mai fenti.

Barista_Mai_Shayi:

Maida azara biyu da kwanon da ya zube a kan ramukan da gyara ne, ba a saba neman zane a kansa ba, amma tunda fenti ya hau ginshiƙin kar ka yi shi a ɓoye. Ka rubuta wa ofishin da suka zo takarda gajera, ka ce kun dakatar da sabon gini, kuna neman a ba ku dalilin alamar a rubuce da dokar da aka dogara da ita, kuna kuma sanar da su za ku maida rufin tsohuwar rumfa yadda yake ba ƙari. Ka haɗa hotuna, ka yi kwafi biyu, su buga hatimin karɓa da kwanan wata a naka ka riƙe. Kafin nan ka ja tampol a kan jirgin, ka kwashe bulon daga wurin, ka cike ramin fandishon don duk wanda ya zo dubawa ya tarar da rumfa ba wurin gini ba. Injin kuma a riƙa kai shi gida da dare ko a yi masa akwatin ƙarfe da kwaɗo. In amsa ta zo da maganar rushewa ko wa'adi, ranar ka kai wa lauya takardar hannu da hannu, kar ka tsaya tambaya a intanet.

Tsohon_Safiyo:

Ƙari kan na Barista, ka sa wani yaro mai kwamfuta ya buɗe maka Google Earth, manhajar da ke nuna hoton ƙasa daga sama, akwai wurin da a ka komawa hotunan shekarun baya, in rufin ya fito kafin 2010 da bayanta a wuri guda ku buga su ku haɗa da takardar. Ba zai kai ku 1978 ba amma zai nuna ba ku matsa ba kuma ba ku ƙara ba. Ka auna tsawo da faɗin rumfar da tef, ka auna daga azarar ƙarshe zuwa bakin ruwa, ka rubuta ranar da ka auna don nisan rani da na damina ba ɗaya ba ne. Rasit ɗin da sunka ci ruwa kada a sa su a leda mai zafi, suna iya lalacewa, hoto za a ɗauka a yi fotokwafi a aje na asalin cikin ambulan.